Wa Zai Ƙirga Tabon Yaranmu? Fashin Baƙi Kan Aikin Binciken Wahalar Ƙuruciya a Jami'a

Ranar da sakamakon lisans, wato digirin farko, ya fito, ɗiyar yayana ta same ni a zaure bayan la'asar, nan gidanmu na Marwa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi shiru irin na mai magana a baki. Da na ce ta faɗi abin da ke tafe da ita sai ta ce, "Baffa, so nake in zarce har doktora. Bincike nake son yi a kan yaran da ke tasowa cikin wahala, a gano yadda za a tare abin tun bai same su ba."

Na sa mata albarka, domin buri ne mai kyau. Sai dai ni na yi shekaru ina yawo ƙauye-ƙauye da takardun tambayoyi a jaka, ina cike wa ƙungiyoyin agaji, aikin da muke kira anket a nan. Wato na ga sana'ar daga gindin tsani. Abin da na warware mata a daren nan da kwanakin da suka biyo baya shi zan shimfiɗa, ko wani mai irin niyyarta ya amfana.

Asalin fannin daga asibitin rage ƙiba ya fito, abin mamaki. A wajajen 1985 wani likita mai suna Vincent Felitti yana kula da irin wannan asibiti a San Diyego ta Amurka, kuma abin da ya ɗaure masa kai shi ne mutane na guduwa daidai lokacin da ƙibar ta fara zubewa. Da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar da yawansu an yi lalata da su suna yara. Ya haɗa kai da Robert Anda na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka yi wa manya sama da 17,000 tambayoyi tsakanin 1995 da 1997, aka fara buga sakamakon a 1998. Jerin abubuwan da ake tambaya daga baya ya tsaya a kan goma: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, rashin kula da ci da sutura, rashin nuna ƙauna, dukan uwa a gaban yaro, mashayi a gida, mai taɓin hankali a gida, rabuwar iyaye, da ɗaurin wani ɗan gida a kurkuku. Kowane ɗaya maki guda ne, shi ake kira makin ACE.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen sun ce aƙalla ɗaya ya same su, mutum ɗaya cikin takwas kuma ya haɗa huɗu ko fiye. Masu huɗu zuwa sama ɗin nan, haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka a kansu sau 4 zuwa 12 idan aka gwada su da marasa maki. Har ciwon zuciya da na huhu da na hanta suna hawa yadda makin ke hawa.

Yaya dukan da aka sha a shekara shida zai zama ciwon zuciya a shekara hamsin? Idan yaro ya firgita, jikinsa kan saki sinadarai irin su kotisol, zuciya ta buga da sauri, ya yi shirin gudu. Wannan rahama ce in kare ne ya biyo shi. Amma in abin tsoron a cikin gida yake kwana, kuma babu wani babba da zai jawo yaron jikinsa ya lallashe shi, to firgicin ba ya sauka. Barci ya lalace, karatu ya ƙi zama, garkuwar jiki ta raunana, in ya girma ya nemi sauƙi a taba ko tiramol. Jack Shonkoff na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka raɗa wa wannan hali suna damuwa mai guba. Likita sai ciwo ya nuna yake ganin mutum. Ma'aikacin jin daɗin jama'a, irin waɗanda ke zaune a santar sosiyal, wato ofishin jin daɗin jama'a, ƙarƙashin MINAS, ma'aikatar Kamaru mai kula da wannan aiki, shi gida yake shiga. Don haka tambayar mai bincike a wannan fanni ita ce: me za a canza a gidan, ko a unguwa, ko a makaranta, don kada a kai ga likita?

To a nan ne rigar ta fara yi mana kaɗan. Mutanen San Diyego akasarinsu farar fata ne masu inshorar lafiya, mafi yawansu sun shiga kwaleji. Aka ɗauko tambayoyin da aka ɗinka musu, aka juya su Faransanci, aka miƙa mana mu juya da baki zuwa Fulatanci ko Hausa ko Mafa ko Kanuri ko Larabcin Shuwa, kowane ɗan anket da irin tasa fassarar.

Ba na mance wata baiwar Allah da na tarar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, a wani ƙauye da ke kan hanyar Mora. Za ta yi shekara arba'in da wani abu. Na karanta mata tambayar da ke cewa ko tana yarinya ta taɓa jin babu mai ƙaunarta a gidansu. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni ce 'yar fari. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini wasa a gaban mutane ba. Amma ranar da za a kai ni ɗakin miji, a bayan rumbu aka same ta tana kuka." Takardar nan gurbi biyu gare ta, eh ko a'a. Wanne zan cike? Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, amma wanda ya tsara tambayar bai san da ita ba. Da na zo kan duka kuwa dariya ta yi: "Wa ba a daka ba?" Sai da na rufe takarda ina shirin sa takalmi ta ce, abin da har yau yake tsaya mata a maƙogwaro shi ne shekara ukun da ta yi a hannun riƙo, inda ba ta cin tuwo sai kowa ya ƙoshi, ita da ƙanzo. Babu gurbin wannan a takardata. A kwamfutar da aka zuba amsoshin, matar nan ta fito da ƙaramin maki.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake al'ada ta wanke komai ba. Bulala tana yin ɓarna ko da kowa ya sha ta, kuma dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta hana dukan ɗalibai, ko da yake duk wanda ya leƙa aji ya san inda dokar ta tsaya. Abin da nake cewa shi ne riƙo iri-iri ne: akwai goggon da ta riƙe maraya ya fi 'ya'yan cikinta gata, akwai wadda ta mayar da shi bawa. Haka almajirci, haka talla, haka zaman agola. Mutanen unguwa sun san bambancin horo da azaba, suna da kalmominsa. Aikin mai bincike na farko, tun kafin ya ƙirga komai, shi ne ya zauna ya koyi waɗannan kalmomi ya gina ma'auni da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗan faɗaɗa tambayoyin a wani tsari da ake kira ACE-IQ, ta shigar da mutuwar iyaye da rikicin unguwa da yaƙi. Wannan ya fi kusa da mu, don yaron da aka haifa a jihar Arewa Mai Nisa a 2010 ya ga abin da ya gani. Sansanin Minawawo kusa da Mokolo an buɗe shi a 2013, yau yana ɗauke da 'yan gudun hijirar Najeriya sama da 70,000, cikinsu har da yaran da ba su san wani gari ba sai shi. A Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a nan Marwa, kuma 'yan mata ƙanana aka ɗaura wa su. A Disambar 2014 jami'an tsaro suka kwashe almajirai 84 daga makarantun allo na Girbidik, aka tsare su wata shida kamar yadda Amnesty International ta bayyana. A Disambar 2021 rikicin ruwa tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa a yankin Logon-Birni ya sa dubun-dubatar mutane, yawancinsu mata da yara, suka tsallaka kogi zuwa Chadi. Ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a Yagwa da kewaye. A Chadi kuma, duk da dokar 2015 da ta hana aurar da yarinya ƙasa da shekara 18, binciken halin mata da yara na MICS na 2019 ya nuna kusan kashi 61 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai hakan. Akwai ma wahalar da ba ta da jini ba ta da tabo: yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare a hana shi jarrabawar CEP saboda ba shi da takardar haihuwa, karatu ya tsaya nan.

Wani gargaɗi da na nanata mata: makin nan na auna jama'a ne, ba na duba mutum ɗaya ba. Anda da kansa ya fito a 2020 ya ja kunnen masu amfani da shi wajen yanke wa mutum hukunci. Kuma tunanin ɗan Adam ba rijista ba ne. Wani nazari da aka buga a 2019 ya tarar fiye da rabin waɗanda aka rubuta an cutar da su suna yara, da aka tambaye su bayan sun girma ba su ambaci abin ba.

Ƙirga tabo ma somin-taɓi ne, rigakafin shi ne aikin, kuma gano abin da ke hanawa ya fi gano abin da ke jawowa wuya nesa ba kusa ba. Dole ka gwada. Lucie Cluver, wadda ta yi aikin jin daɗin jama'a a Afirka ta Kudu kafin ta zama farfesa a Oxford, ita da abokan aikinta sun ɗauki iyalai 552 a garuruwa 40, aka yi ƙuri'a, rabi suka shiga zaman koyon tarbiyya ba da duka ba tare da dabarun tattalin kuɗin gida, rabi ba su shiga ba. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna cin zarafi ya ragu a gidajen da suka shiga. Ƙuri'ar ita ce sirrin, don in ka bar mutane su zaɓa da kansu, masu sauƙin hali ne za su zo, ka ɗauka shirinka ne ya gyara su. Wanda ya fi kama da ƙasarmu shi ne gwajin da Leyla Ismayilova da Leyla Karimli suka yi da matalautan gidaje a arewacin Burkina Faso: an ba wasu mata jari kawai, wasu kuma jari haɗe da zaman tattaunawa da dukan mutanen gida, sai aka ga tsananta wa yara ya fi raguwa inda aka haɗa biyun. Talauci na hura wutar, amma kuɗi kaɗai ba ya kashe ta.

Sai kuma binciken da ke bin yaro har ya yi furfura. Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawaii a Amurka har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka taso a mawuyacin hali, kashi ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki masu natsuwa, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun wani babba guda da ya tsaya musu, kaka ko goggo ko malami. Theresa Betancourt ta fara bin yaran da aka sa yaƙi a Saliyo tun 2002, ta tarar tsangwama na ƙara musu ciwo, karɓuwa a gida da unguwa da komawa makaranta kuma na rage shi. Duk wanda ya san yadda ake kallon yaran da suka dawo daga daji, tun bayan da gwamnati ta kafa hukumar kwance ɗamara a 2018 ta buɗe cibiya a Mora, ya san wannan tambaya tamu ce. Wa ke bin waɗannan yara da alƙalami shekara goma?

Yanzu ga tsanin. A tsarin LMD lisans shekara uku ne, masta biyu, doktora uku a takarda, a zahiri kuwa sai yadda hali ya yi. Jami'o'in kusa da mu yara ne: Ngaundere 1993, Marwa 2008, Garwa 2022, ta Injamena ce ma ta girme su da aka kafa a 1971. Mai son wannan fanni yawanci ta ƙofar nazarin zamantakewa ko halayyar ɗan Adam ko ilimin tarbiyya ko lafiyar al'umma zai shiga, ya nemi malamin da zai yarda ya duba masa memwar, wato kundin masta, daga baya tez, kundin doktora. Zaɓen wannan malami ya fi zaɓen jami'a muhimmanci, kuma ga 'ya mace akwai ƙarin lissafi da ba sai na fassara ba. Bayan sutunans, wato kare kundin a gaban malamai, da walimarta, sai zaman jira. Wasu su yi shekaru suna koyarwar wucin gadi, ana biyansu da awa, kuɗin ma sai an ga dama. Ko da Shugaba Paul Biya ya ba da umarnin ɗaukar masu doktora 2,000 cikin shekara uku daga 2019, masu nema sun fi guraben yawa. In an dace an shiga, matakan a Kamaru huɗu ne: asistan, sharje-da-kur, metir-da-konferans, farfesa, kuma kwamitin jami'o'in ƙasar, CCIU, ne ke duba takardun ƙarin girma. A Chadi takardun CAMES ake aika wa, majalisar manyan makarantu ta ƙasashen Afirka mai hedkwata a Wagadugu. Ko ta ina ka bi, abin da ake ƙirgawa ɗaya ne: maƙala nawa ka buga, a wace mujalla.

Nan ne kurar take. Tsani yana son maƙala da wuri, rigakafi kuwa ba ya nuna fuskarsa sai an shekara biyar ko goma. Manyan mujallun fannin da Ingilishi suke fita, mu kuma da Faransanci muka yi karatu, wasunsu ma sai ka biya dalar Amurka dubu biyu ko fiye kafin a saki maƙalarka kowa ya karanta kyauta. Ga aji mai ɗaruruwan ɗalibai da takardun jarrabawarsu. Ana cikin haka sai wata ƙungiya ta kira ka: aikin kwana ashirin, kuɗin da ya fi albashin wata uku, ga perdiyem, ga mota mai sanyi. Wa zai ƙi? Ni ban ƙi ba, kuma ba na zargin wanda ya karɓa, mai iyali ne. Amma ka duba abin da ke faruwa. Su suka kawo tambayar, su suka kawo ma'aunin, amsoshin na shiga kwamfutarsu, rahoton ya tafi ofishin mai ba da kuɗi ya kwanta. Na taɓa ganin wani aiki da muka sha rana muka yi ya fito a mujalla da sunayen mutum shida, babu ko ɗaya da ya taɓa kwana a yankin, mu kuma aka gode mana a layi guda a can ƙasa, a dunƙule. Malami ya yi shekara goma sha biyar a haka, zai wayi gari da gida da mota, ba shi da tambaya ko ɗaya da za a ce tasa ce. Da Amurka ta datse tallafin USAID a farkon 2025 kuwa, aka ga yadda rumfar da aka kafa a kan kuɗin wani take rushewa dare ɗaya.

Haɗin gwiwa da na waje ba laifi ba ne, kusan ma ba makawa, tun da gwaji mai ƙuri'a kuɗi yake ci. Sharaɗin kawai a yi shi tun ran gini, ran zane: wa zai riƙe bayanan, sunan wa zai zo farko, ɗalibi nawa na gida za a horar, kuma a wane harshe za a koma a faɗa wa mutanen ƙauyen abin da aka gano.

Izini ma hawa-hawa ne. Akwai na kwamitin ɗa'ar bincike, irin CNERSH da ke Yawunde, akwai na gwamna da supirfe, sannan akwai wanda ba a rubuta shi amma ya fi duka ƙarfi: lamido, lawan, jauro, liman, a unguwannin Hausawa kuma Sarkin Hausawa. Bayan su sai maigida, sai uwa, sai shi yaron kansa, wanda yake da ikon cewa ba ya so. Matsalar da ba a koyar da ita a aji ita ce, in yarinya ta gaya maka abin da mijin uwarta yake mata, me za ka yi? Ka yi alkawarin sirri, ga shi rai na cikin haɗari, santar sosiyal ɗin da za ka tura ta kuma ƙila ma'aikaci ɗaya ne ba shi da ko babur. Wanda bai shirya amsar wannan ba tun kafin ya fita, bai kamata ya buɗe bakin yaro ba. Shi kansa mai tambayar yana kwasar nasa. Akwai lokacin da na yi mako biyu ba na iya cin abincin dare.

Da na gama zuba, ɗiyar tawa ta ce, "To Baffa, in bari ke nan?" Na ce a'a, in ji wa? Cewa na yi ta fara ƙarami, da abin da babu mai iya ƙwace mata. Ta koyi lissafin ƙididdiga da gaske, ta koyi Ingilishin karatu da rubutu, ta riƙe Fulatancinta da Hausarta da kyau don su ne jarin da baƙo ba shi da shi. In aikin ƙungiya ya zo ta karɓa, ta ci abinci, amma ta ware wata tambaya guda da za ta riƙa komawa kanta kowace shekara ko da kuɗi ko babu.

Ta zaɓi riƙo. Memwar ɗinta na masta a kan gidaje talatin ne na unguwa biyu da ke riƙon 'ya'yan dangin da suka gudo daga bakin iyaka, tana son ta gane me ya raba riƙon da ke raya yaro da wanda ke karya shi. Watan jiya na ga littafin da take fita da shi. Sunayen yaran ba sa ciki, lamba ta ba kowanne, makullin lambobin na wani wuri dabam a kulle. Amma a gaban kowace lamba ta rubuta hanya uku ta sake samun yaron in an tashi daga gidan: garin kakarsa, masallacin da mai riƙonsa ke salla, da kasuwar da uwar riƙon ke sayen hatsi. Ta ce lambar waya ba abin dogaro ba ce, cikin wata huɗu bakwai sun daina shiga.